Famfo Na Kuka

Tun daga Aliero nake satar kallon allurar zafi
tana rarrafe sama kamar kunama a bango.
Buhu tara na albasa a bayana,
biyu a kan rufi, ɗaure da igiyar roba.
Ban kai gadar Jega ba
bonet ya fara huci fari,
Fijo ta ce nan ta tsaya, babu wucewa.

Wata uku ke nan ina lallashinta.
Jarka biyu a gefen kujera,
duk inda na tsaya in ɗura, in yi bisimilla, in rufe.
Inda ta kwana kullum sai ka ga ɗan jiƙo,
da fari tafin hannu, daga baya faɗin faifai,
in murje shi da takalmi, in ce raɓa ce.
Wani a tasha ya rantse mini
garin kuka a lagireto yana toshe kowace kafa.
Cokali uku na zuba.
Kwana huɗu na yi ina jin kaina mai basira,
ran na biyar ta koma zuba.

Arzika na zaune a inuwar darbejiya,
sifana a aljihu, asuwaki a baki.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya jira injin ya huce, ya sa tsumma ya murɗe marfi,
ya tsoma yatsa, ya ɗago, abu na bin sa da yauƙi.
Ya dube ni.
"Saura daddawa da tuwo," in ji shi,
yaransa suka faɗi ƙasa don dariya.

Ya sassauta fanbel, ya kama bakin famfon ya girgiza,
ƙwas, ƙwas, kamar haƙorin tsohuwa.
"Boris ya tafi. Zo ka gani."
Ya haska mini wata 'yar huda a ƙarƙashi,
tsatsa ta zana mata hanya har ƙasa.
"Da gangan maƙera suka bar ta.
Ran da robar ciki ta gaji, ta nan yake hawaye
don mai shi ya sani da wuri.
Famfo na kuka, kai kuma ka ba shi kuka."
Ban sami ta cewa ba.

Noti shida. Biyar sun fito da girma da arziki,
na shida ya ƙi,
sai da aka jiƙa shi da baƙin mai, aka yi sallar azahar, aka dawo.
Ɗan Jumma ya hau acaɓa zuwa layin 'yan kayan gyara,
ya dawo da ɗan Kwatano a baƙar leda,
kuɗinsa ya cinye ribar buhu biyu har da rabi.
Arzika ya zauna da reza
yana kankare tsohon gasket a hankali,
kamar wanzami a kan jariri ranar suna.
Ya ce ɓurɓushi ɗaya ka bari, gobe kana nan.
Ya shafa gam siriri, ya ɗora,
ya ɗaure wannan, ya tsallaka ya ɗaure na daura da shi,
ba ya ƙure ko ɗaya sai 'yan'uwansa sun zo kusa.

Sau uku aka wanke miyata daga cikin lagireto.

Aka cika ruwa, aka tayar,
ya matsa tiyo har iska ta gama ɓulɓulowa.
Ya yage kwalin sukari ya shimfiɗa ƙarƙashin injin.
Muka tsuguna mu huɗu, ba mai magana,
muna kallon kwali kamar masu jiran ganin wata.
Fanka na juyi. Tinkiya ta gifta.
Minti goma, kwali a bushe.

Kuɗin hannu bai cika ba, na sauke masa rabin buhu.
Ya ɗaga ɗaya ya shinshina, ya ce ta yi.

Kasuwa ta riga ta watse.
Na kama hanyar Koko da magariba,
allura kwance a tsakiya, ba ta motsi.
Jarkokin nan dai ban sauke su ba.
Gobe da asuba, kafin in sa makulli,
zan durƙusa in duba ƙasa.